Lambata da Sunan Saini

Lambar wayata ta faɗa kogi a daminar da aka rufe gada. Tun daga ranar ban sake zama mai kaina a kasuwa ba.

Ruwan bana ne ya tuna min. Kogi ya sake yin ja, warin jiƙaƙƙiyar albasa ya cika bakin ruwa. Ina zaune a rumfa sai ga wata mata mai yi wa kamfanin waya talla. Ta ce suna da forfe na ƙananan ƴan kasuwa, kira da intanet a haɗe, har da ɗan akwatin wifi in ina so. Na ce ta yi gaba.

Ta ce, "Baba, ko kallo ba ka yi ba."

Na ce, "Na gani, ɗiyata. Allah ya ba da kasuwa."

Ba laifinta. Forfe na wanda ake kira ne.

Sunana Garba, Bagobiri ne ni. Na zo Gaya, bakin iyakar Nijar da Benin, ina saurayi a bayan kamiyo, babbar motar kaya, ban koma ba. Ban yi lakwal ba, wato boko. Sana'ata dillancin kayan gona: albasa daga arewa, dankali da rake daga Bengu in kaka ta yi. Ba ni da shago, ba ni da mota. Mai kaya yana wannan ƙetaren, mai saye yana Paraku ko Kwatano, ni ne a tsakani.

Da can babu salula. Telesantar ake zuwa, a bi layi a rana, in ka samu shiga ka yi ta ihu cikin waya kowa na jin sirrinka. Sauran saƙo direbobi ake ba wa, su kai rabi su manta rabi. Da salula ta zo sai muka samu abin da wasu garuruwa ba su samu ba. A Gaya rezo uku, wato sabis na waya, ke yawo a iska. Akwai na Nijar. Akwai na Najeriya in ka fita hanyar Kamba. Akwai na Benin da ke tsallako ruwa, ya fi ƙarfi a bakin kogi da kan tudu. Ɗan kasuwa na gaske pus uku yake riƙewa, wato ɗan katin nan da ake sa wa waya, mai ɗauke da lamba. Kowane pus da mutanensa.

Babbar mai sayen kayana Hajiya Fusena ce ta Paraku. Ita ta ce min wata rana, "Garba, kiran Nijar yana cinye min kiredi kamar gara. Ka nemi lambar Benin, in ba haka ba in nemi wani dillali."

Na hau kabu-kabu na tsallaka gada zuwa Malanbil, ƙetaren Benin. A ofishin kamfani suka ce sai da takardar ɗan ƙasa ta Benin. Ba ni da ita. Sai na je wurin Saini. Bazabarme ne haifaffen can, yana da ƴar rumfa inda ake sauke buhuna kafin a yi lodi. Mun daɗe tare. Tsakanin Bagobiri da Bazabarme kuwa kowa ya san akwai wasa, zagi halal ne, fushi haramun.

Ya ɗauko takardarsa yana dariya. "Ko pus sai na ara maka suna, Bagobiri? Gobe mata ma ni zan nemo maka."

Na ce, "Wadda za ka nemo, gara in zauna gwauro."

Aka rubuta sunansa, aka miƙo min pus. Haka kowa ke yi a bakin iyaka. Ƴan Malanbil da yawa ma da sunan mutanen Gaya suke riƙe da lambar Nijar. Ba wanda ya taɓa ganin wani abu a ciki.

Lambar nan ta yi shekaru a hannuna, ta zama ita ce shagona. Hajiya ta ba wa ƙawayenta, ƙawayen suka ba wa wasu. Daga baya na sayi babbar waya mai intanet. Rubutu ba ya gabana. In buɗe buhu in ɗauki hoton albasa in tura, in danna in yi magana, su ma su turo murya. Mutanena da hotonsu nake gane su. Ƙaramar waya mai tocila kuma ita ke ɗauke da pus na Nijar, don manoma da direbobi. Na gina ɗaki, na aurar da ɗiyata ta fari, duk daga wannan lamba.

Sai aka rufe gada. Maganar manya ce, ba mu aka tambaya ba. Muka wayi gari an gitta kontena, soji a tsaye. Kamiyoyi suka yi layi har bayan gari. Bayan haka wutar da ke zo mana daga Najeriya ta ɗauke.

Damina ce mai nauyi. Hadari ya taso daga gabas da la'asar, ya zuba, gari ya kwana cikin laka. Da safe rana ta fito ta dafa tamfol ɗin motoci. Albasa ba ta son haka. Ruwa baƙi ya fara ɗiga daga ƙarƙashin kamiyoyi, ƙuda ya taru, wari ya bi mutane har masallaci. Direbobi suka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin motocinsu, suna dafa shayi babu sukari. Wasu suka sayar da tayar ajiya don su ci.

A gida, Hadiza matata ke tashi da asuba ta hura itace jiƙaƙƙe, hayaƙi ya cika tsakar gida. Injin niƙa ba wuta, sai ta koma turmi, abin da ta bari tun tana amarya. Famfo ya daina zuwa, ita da maƙwabta suka riƙa haɗa jarkoki a kura guda, yau wannan gida ya tura, gobe wancan. Shinkafa ta yi tsada, manja da garin rogo da ke zuwa daga Benin suka zama abin kallo. Muka koma tuwon masara da yamma, ɗumame da safe, da rana zogale in an samu. Yara suka daina tambayar taliya. Sauro kuwa bai ji an rufe komai ba.

Waya sai da sharji. Ide, mai gyaran waya a bakin kasuwa, yana da pano mai ɗaukar rana. Teburinsa ya cika da wayoyi kamar kifi a kan tire. In an yi kwana biyu da hadari, pano bai ba da komai, kowa ya karɓi wayarsa yadda ya kawo ta.

"Ide, tawa fa?"

"Alhaji Garba, je ka roƙi rana. Ni ma yaronta ne."

Ban je Makka ba. In yana son ya huce min rai ne yake ce min Alhaji.

Rezon Nijar ma ya zama mai zuwa da tafiya. An ce injin da ke ba antena wuta gazuwal yake sha, gazuwal kuma ya yi wuya. Sai ka ga mutum a tsakar titi ya ɗaga waya sama kamar mai addu'a. Na Benin ne bai mutu ba, don su wutarsu na nan. Saboda haka kowa ya gangara bakin kogi. Nan ake kira, nan kuma aka koma tsallakar da kaya a jirgin ruwa. A sauke daga kamiyo, a ɗora a kura, daga kura a kai, daga kai a jirgi. Dillali, direba, ɗan dako, duk muka zama ɗaya. Wanda bai taɓa ɗaukar buhu ba ya ɗauka. Ni wuyana har yau yana tuna min.

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa. Na samu jirgin da zai ɗauki albasar wani direba da ta fara lalacewa. Ina tsaye cikin ruwa har gwiwa, ina duba lodi, ina magana da Hajiya a babbar waya kan motar da za ta karɓi kayan a Malanbil. Ba ta gama faɗa min sunan direban ba, waya ta mutu. Ƙaramar tana da sauran sharji.

A lokacin nan kowa haka yake yi: wayar da ke da rai ita ake sa wa pus ɗin da ake bukata. Na ciro na Benin. Hannu ɗaya babbar waya, hannu ɗaya ƙarama, ga murfi, ga batiri. Aljihu a jiƙe. Sai na riƙe pus ɗin a leɓena, kamar yadda tela ke riƙe allura. Na sha yin haka.

Daga bayana na ji, "Salamu alaikum, Garba."

Baba Na-Allah ne, dattijon Bengu, wanda ya fara yarda da ni ya ba ni dankalinsa tun ba wanda ya san ni. Sa'an ubana ne. Bakina bai yi shawara da ni ba.

"Wa alaikumus salam, Baba."

Ban ma ji faɗuwarsa ba. Na ga ɗan walƙiya a kan jan ruwa, shi ke nan.

Mutane sun yi min kara. Ƴan jirgi suka bar lodi, suka shiga lalube da ƙafa. Wata mai sayar da ƙosai ta ba da matankaɗinta, muka riƙa ɗebo laka muna tacewa. Muka samu murfin kwalba, ƙashin kifi, tsohuwar dala. Baba Na-Allah ya naɗe wandonsa zai shiga, na riƙe shi.

Ya ce, "Da na sani da na yi shiru."

Na ce, "Baba, sallama ba ta taɓa zama laifi ba."

Wani ɗan jirgi ya ce, "Yau dai ragon ruwa zai kira Kwatano." Aka yi dariya. Ni ma na yi.

Ban ɗauke shi babban abu ba. Lamba ba ta mutuwa don pus ya ɓace, ana fitar da sabo. Na kira Saini da na Nijar. Ya yi dariya har da tari.

"Bagobiri, yunwa ce ta sa ka fara cin pus? Kala suru, sai haƙuri. Gobe in je ofis, ai sunana ne."

Ya je, aka ba shi sabo da lambar nan tawa. Saura ya iso hannuna. A makon nan ruwa ya ƙaru, aka ce jirgi ya kife a ƙasa da mu, soji suka hana tsallakawa. Muka zauna muna kallon Benin kamar hoton bango.

Saini ya kira. "Mutanenka za su yi ta kira su ji a kashe, su tafi wurin wani. Bari in sa shi a wayata. Wanda ya kira in ce kana nan, in faɗa maka abin da yake so."

Magana ce mai hankali. Na ce to.

Da aka sassauta, jirage suka dawo, na ce ya ba wa ɗan jirgi ya kawo. Ya ce abu kamar farce, ba zai ba wa yaran nan ba, su sake jefa shi ruwa. Shi zai kawo da kansa. Sati ya wuce. Ya ce ɗansa ba lafiya. Wani sati ya wuce. Ya ce lodi ya yi masa yawa, ni in zo mana. Ni kuma a lokacin in na bar bakin ruwa yini guda, wani ya ɗauke jirgin da na kama da kayan da na tara. Kuɗin tsallakawa ma abincin gida ne na kwanaki.

Damina ta janye, kaka ta shigo. Dankalin Bengu ya fito, ja da fari, rake ya biyo baya. Aiki bai tsaya ba. Saini ya kira da safe ya ce Hajiya na son kaza, mutumin Kwatano na son kaza. In je Bengu in tara, in sa a jirgi, shi ya karɓa ya sa a mota. La'adata tana zuwa, amma ta rame. Farashin da aka yi a can, abin da ya faɗa min shi na sani.

Babbar waya ta ɗan riƙe ni. Wurin saƙon murya bai rufe ba duk da pus ba ya ciki, in na samu intanet na Nijar ina jin wasu daga cikin mutanena. Wata safiya na buɗe, babu hoton kowa, sai rubutu. Na kai wa Ide. Ya duba.

"An buɗe lambar a wata waya. Ta fitar da kai."

"Mayar da ni."

"Sai an turo wasu lambobi ga mai riƙe da pus, shi ya karanto mana."

Na kira Saini. Ya ce ai mutanen ne ke ta cewa a turo hoto, dole ya buɗe. In an fitar da shi kuma ciniki ya tsaya mana duka. Na kashe waya. Lambobin mutanena suna cikin pus ɗin da kogi ya ci, hotunansu suna cikin abin da ya rufe. Ƴan kaɗan na samo ta wurin direbobi, na kira su da lambar Nijar. Amsa ɗaya ce: "Garba, ai muna kiran lambarka, ɗan'uwanka na amsawa, kaya na zuwa. Mi ya faru?" Mi zan ce ya faru?

Hadiza na tankaɗe ta ce, "Maigida, akuyar da ta haihu a gidan riƙo, ɗan bai san gidanku ba."

"Saini ne fa."

"Na san Saini ne. Shi ya sa ka kasa buɗe baki."

Azumi ya zo cikin bazara. Zafin shekarar ban ga irinsa ba. Kwanon ɗaki yana ƙara da rana tsaka, ruwan randa kamar an ɗora a wuta. Ƙanƙara sai wadda aka tsallako da ita daga Malanbil cikin buhun ƙaiƙayi, kafin ta iso ta zama rabi, kuma ba irinmu ke saye ba. Hadiza ta riƙa naɗe tulu da jiƙaƙƙen buhu. Mu sha ruwa da kunu, mu kwanta a waje, iska ba ta motsi. Kaya sun yi ƙasa, hada-hadar bakin ruwa ta yi sanyi. Na ce yanzu ne. Na shiga jirgi bayan azahar.

Rumfar Saini ta ƙaru. Ya yi mata kwano, ga fanka tana juyawa, ga ɗan akwatin wifi a rataye da fitila kore. Da ya gan ni ya tashi ya rungume ni.

"Bawana ya zo gaida ubangidansa. Dubi yadda ka bushe, kamar kilishi."

"Kai kuma ka yi tumbi. Azumin ma ina shakka."

Ya shimfiɗa min tabarma. Muka gaisa, gida, yara, zafi. Ban iya kewaye-kewaye ba.

"Na zo karɓar pus ɗina."

Bai musa ba. Ya ciro waya daga aljihu ya ajiye tsakaninmu. "Naka ne. Na taɓa cewa ba naka ba ne? Na ma tambaya a ofis ko za a mayar da sunanka, suka ce sai mai takardar nan ƙasar. Ɗauki abinka."

Na miƙa hannu, sai wayar ta yi ƙara. Hoton Hajiya Fusena ya fito. Saini ya nuna min da haɓa. Na ɗauka.

"Salamu alaikum, Hajiya."

"Wa ke nan? Garba? Ikon Allah. Kana nan da ranka? Ya azumi, ya Hadiza, ya yara?"

"Lafiya lau, Hajiya. Ya ibada?"

"Alhamdu lillahi. Wallahi jiya ma na yi zancenka. Ka sha wahala, an faɗa min. Allah ya kawo sauƙi." Sai ta ce, "Saini na kusa? Ba ni shi, motar nan ta Kandi nake son ji ko ta tashi."

Ban san wata motar Kandi ba. Na miƙa masa.

Ya karɓa, bai dube ni ba. Ya yi magana da ita a gajarce, rabi Hausa rabi Dendi, sunan direba, inda mota ta kwana, wanda zai sauke. Ina zaune ina jin fanka. Kafin ya gama wani kiran ya shigo, mutumin da ban taɓa jin sunansa ba. Shi ma Saini ya nema.

Da ya ajiye, ya sake turo wayar gabana. "Cire mana."

Na dube ta. In na cire na tafi da shi Gaya, sai na tsaya bakin ruwa kafin ya kama. Wanda ya kira zai tambaye ni mota, mota kuma tana nan gefen, a gaban Saini. Kafin sati ya zagayo duk sun karɓi ɗaya lambarsa. In na yi rigima, wa zan kai wa ƙara? Takarda ta ce nasa ne. Dattawa kuma za su ce Bagobiri ya yi fushi da Bazabarme, su ci ni tara, su yi dariya. Kuma bai sace ba. Na duba ta ko'ina, ban ga inda zan ce ya sace ba.

Na ce, "Bar shi nan."

"Garba."

Tun da muke bai taɓa kirana da sunana ba sai ranar.

"Bar shi. Ka dai riƙa faɗa min farashin gaskiya."

"Wallahi."

"Kar ka rantse, kana azumi."

Aka kira magariba. Matarsa ta aiko da kunu da ƙosai da ruwa mai ƙanƙara. Na sha, haƙorana suka yi zafi don sun manta sanyi. Na ci abincinsa, na kwana a rumfarsa. Da safe ya sa aka ɗora min buhun garin rogo da galan na manja a jirgi, ya ce na Hadiza ne. Na karɓa, gida na bukata. Da na iso ta dubi kayan, ta dubi hannuna. Ta ja buhun zuwa ɗaki.

Yanzu ina Gaya, bakin ruwa. Ni ke tara wa Saini kaya a wannan ƙetaren, yana biyana yadda muka shirya, bai taɓa makara ba. Babbar waya na ba wa surukina. Pus ɗaya gare ni, na Nijar, da sunana aka rubuta shi. Saini yana kira da safe ya faɗi abin da ake so. Hadiza tana kira in magariba ta kusa, ta ce in taho da gishiri.